Filin Golf Na Dutse Da Yaron Dingaya



Da za a tsaya a tashar motar Gwaram ko a kasuwar Birnin Kudu a tambayi matasa inda ake buga golf mafi kusa da su, da yawa za su ce Abuja, wasu su ce ai wannan sai a talabijin. Alhali kuwa a Dutse, hedikwatar jiharmu kuma cibiyar masarautar da Gwaram da Birnin Kudu suke ƙarƙashinta, akwai filin wannan wasa. Marigayi Mai Martaba Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 zuwa rasuwarsa a watan Janairun 2023, shi ya kafa shi, kuma an san shi da son wasan da son dashen itatuwa. Yaron Dingaya da ya shiga mota da safe zai isa bakin filin rana ba ta yi tsaka ba. Abin da muke so mu tattauna shi ne: idan ya isa, me zai je yi? Ya leƙa daga waje, ya ɗauki jakar wani, ko shi ma ya riƙe sanda ya buga?

Ra'ayinmu a fili yake. Wasan ba shi da wani aibi da zai sa mu guje shi, kuma babu dalilin da zai sa gwamnati ta zuba masa kuɗin talakawa. Abin da ya kamata a gyara shi ne ƙofar shiga. Filayen da ake da su a Dutse da Kano da Zariya da Kaduna su buɗe wa yaran gari hanya, mu kuma mu daina yi wa abin kallon kayan wasu.

Bari mu fara da bayanin wasan, don yawancinmu sunansa kawai muka sani. Wasu kafafen yaɗa labarai na Hausa suna kiransa ƙwallon lambu, saboda a cikin ciyawa da itatuwa ake yinsa. Cikakken fili yana da rami 18, ƙarami kuma yana da 9. Kowane rami yana da wurin farawa, daga nan mutum zai dinga bugun wata 'yar ƙwallo mai tauri, wadda nauyinta bai kai giram 46 ba, har sai ta faɗa ramin da faɗinsa bai wuce santimita 11 ba. Wani ramin yana da nisan mita 150 daga wurin farawa, wani ya haura mita 450. Wanda ya gama zagayen da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A yawancin filaye, bugu 72 ake sa ran gwani zai yi ya gama ramukan duka. Doka ba ta yarda mutum ya ɗauki sanda fiye da 14 ba, kuma kowace da aikinta: akwai ta nisa, akwai ta fitar da ƙwallo daga yashi, akwai ta gangara ta cikin rami. Zagaye ɗaya yana cin kusan awa 4, mutum kuma yakan taka kilomita 6 zuwa 8 da ƙafarsa.

Abu biyu ne suka sa muke ganin wasan ya cancanci a kula shi. Na farko, a wasan yau da kullum babu alƙali mai usur da ke bin kowa. Idan ƙwallonka ta motsa a cikin duhuwar ciyawa saboda ka taɓa ta, ko da ba wanda ya gani, kai za ka faɗa, a ƙara maka bugun tara. Abokin karawarka ne yake rubuta lissafinka, kai kuma ka duba ka sa hannu. A ƙasar da ake satar amsa a jarrabawa, ake rage shekaru don shiga gasar yara, wasan da ya ginu a kan mutum ya kai ƙarar kansa ba abin rainawa ba ne. Na biyu, akwai tsarin rangwame da ke daidaita gwani da ɗan koyo. Wanda ya saba gamawa da bugu 90 ana iya rage masa 18, ya koma 72. Gwanin da ya yi 75 aka rage masa 2 ya koma 73, ka ga ɗan koyo ya ci. Shi ya sa dattijo ɗan shekara 70 yake karawa da jikansa, mace ta kara da namiji, kowa da damarsa. A ƙwallon ƙafa ko kokawa ba a samun haka.

To, me ya sa wasa mai wannan siffa ya zama na 'yan ƙalilan a wajenmu? Amsar tana cikin yadda ya shigo. Turawan mulkin mallaka ne suka zo da shi, suka yi wa kansu filaye a unguwanninsu na bayan gari, nesa da ganuwa. Na Kano yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar nan, tun shekarun farko na zuwan Turawa. Na Rayfield a Jos an kafa shi a 1913, zamanin da kamfanonin haƙar kuza suke tashe. Na Kaduna ya biyo baya a 1921, Zariya ma tana da nata. Duk kulob ne na mambobi, kuma ɗan ƙasa a lokacin aikinsa share fili da ɗaukar jaka. Da aka samu 'yancin kai a 1960, kujerun da Turawa suka bari sai manyan ma'aikata da hafsoshin soja da 'yan kasuwa suka hau. Tsarin bai canza ba: sai mamba ya gabatar da kai, ka biya kuɗin rajista, ka dinga biyan na shekara. Babban filin Abuja mai sunan Janar Babangida, wanda aka buɗe a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Jigawa, shi ma kulob ne. Wasu filayen kuma na barikin soja ne ko na kamfanoni. Baƙo yana iya biyan kuɗin yini ya buga a da yawa daga cikinsu, amma irin filin da ƙaramar hukuma take riƙewa, kowa ya zo ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa ya shiga, wannan ba mu gaje shi ba.

Abin mamaki, a inda wasan ya fito ba haka yake ba. A Sikotilan ya samo asali, a fakon bakin teku da ba ya nomuwa, inda tumaki suke kiwo. Ya yaɗu a tsakanin jama'a har a 1457 sarkin ƙasar ya hana shi, don ya ga yana ɗauke hankalin maza daga koyon harbin kibiya. Tsohon filin garin St Andrews, wanda duk duniya take ɗauka a matsayin mahaifar wasan, har gobe filin jama'ar gari ne. Mazauna garin suna samun rangwame mai yawa, kuma yawancin ranakun Lahadi ba a buga wasa, sai iyalai su fito shan iska a cikinsa. A Amurka kusan kashi uku cikin huɗu na filayen golf a buɗe suke ga duk wanda ya biya kuɗin yini. Ke nan katangar da muke gani a nan gadon kulob ɗin Turawan mulki ce, wasan bai zo da ita daga gidansu ba.

Mun san abin da wasunmu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce ana ta kai wa yake ta kaya? A ƙauyukan Gwaram akwai inda mata da yara suke sammakon neman ruwa, akwai ajin da yara suke zama a ƙasa, akwai hanyar da damina take yankewa. Cikakken filin golf yana cin hekta 50 ko fiye. Idan magidanci yana noma hekta 2, wannan gonar gidaje 25 ce ta gero da dawa da gyaɗa da riɗi. Sannan a ƙasar da ruwan sama yake ɗaukewa wajen watan Oktoba ba ya dawowa sai Mayu ko Yuni, riƙe ciyawa shar duk rani yana nufin rijiyoyin burtsatse da inji suna aiki ba hutu. Ga rikicin manoma da makiyaya da muka sani a kudancin Jigawa, wanda tushensa ƙarancin fili ne da toshe burtali. Duk wanda ya zo da shawarar a yanki gonaki ko makiyaya a yi sabon filin golf da kuɗin gwamnati, mu ne za mu fara ce masa a'a.

Amma wannan hujja ta hana gina sabo ce. Wanda aka riga aka yi fa? Ƙasar an riga an ware ta, itatuwan sun girma, ana kashe kuɗin kula da su ko yaron Dingaya ya shiga ko bai shiga ba. A ranakun aiki da hantsi, lokacin da mambobi suke ofis da kasuwa, yawancin filayen nan ba cunkoso. Idan muka ce wasan masu kuɗi ne muka juya baya, mun bar musu shi ke nan har abada, ba mu rage wa kowa ƙishirwa a Gwaram ba, kuma ba mu ƙaru da komai ba. Tun da abin ya riga ya samu a ƙasarmu, neman rabonmu a ciki ya fi fushi da shi amfani.

Akwai kuma dalilin da ya kamata su kansu masu kulob su duba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amanar jama'a. Filayen da Turawa suka shata a bayan gari yanzu gari ya cim musu, sun koma tsakiyar birni, inda kowane taku ɗaya kuɗi ne. Duk mun ga yadda filayen wasa da wuraren shan iska a biranen Arewa suke rikiɗewa su koma rukunin shaguna. Ranar da masu neman fuloti suka sa wa filin golf ido, wa zai tsaya masa? Mutanen unguwar da ba su taɓa taka cikinsa ba ba za su ɗaga murya ba, wasu ma daɗi za su ji. Wanda ɗansa ya koyi wasa a wurin, ko yake zuwa miƙe ƙafa da yamma, shi zai ce kada a taɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kulob ɗin da yake son ya kai shekaru 50 masu zuwa, yau ya kamata ya fara tara masoya a wajen katangarsa.

Masu cewa wasan ba al'adarmu ba ce, su dubi ƙwallon dawaki. Shi ma Turawa ne suka kawo shi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓe shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa, yau ga shi idan ana gasa a Katsina ko Kano ko Kaduna, talakawa cika fili suke yi ana kiɗa ana kirari. Doki ya fi sandar golf tsada nesa ba kusa ba. Abin da ya sa jama'a suka ɗauki wancan nasu shi ne an bar su sun shiga sun gani, kuma 'ya'yan masu kula da dawaki sun hau sun zama gwanaye. Ƙwallon ƙafa ma baƙuwa ce, amma yau babu ƙauyen da ba a kafa raga ba. Wasa yana zama na mutane ne idan yaransu sun taɓa shi da hannu.

Wannan ya kai mu ga yaran da suke ɗaukar jaka. A kowane kulob za ka same su tun da asuba suna jiran a kira su. Mai ɗaukar jaka yana tafiyar da ubangidansa yake yi da kaya a kafaɗa, shi yake gano inda ƙwallo ta faɗa, shi yake sanin gangaren ƙasa da inda iska ta dosa, sau da yawa shi yake ba da shawarar sandar da za a ɗauka. Yaron da ya shekara uku yana wannan aiki ya san filin fiye da mamban da yake zuwa sau ɗaya a mako. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan Najeriya, waɗanda suke cin abinci da golf, daga ɗaukar jaka suka fara.

Tarihin wasan a duniya ma haka ya nuna. A 1913 wani saurayi ɗan shekara 20, Francis Ouimet, ɗan talakawa da ya tashi a tsallaken titin wani kulob kusa da birnin Boston yana ɗaukar jaka a ciki, ya ci babbar gasar Amurka a wannan filin, ya kayar da manyan gwanayen Birtaniya biyu, Harry Vardon da Ted Ray. Yaron da ya riƙe masa jaka a gasar shekararsa 10. Seve Ballesteros, ɗan manomi daga ƙauyen Pedreña a arewacin Sifaniya, da sanda ɗaya tak ya koyi bugu a rairayin bakin teku, ya yi ɗaukar jaka, daga baya ya ci babbar gasar Birtaniya sau uku, a 1979 da 1984 da 1988. A Afirka ta Kudu, Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya mai ɗaukar jaka a Durban, ya ci gasar ƙasar Holan sau uku, ya ci ta lardin Natal a 1963 da 1965. Saboda dokar wariyar launin fata an taɓa miƙa masa kofinsa a waje ana ruwan sama, waɗanda ya kayar suna cikin ɗaki. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan Amurka ba ta cire sharaɗin sai farar fata ba sai a 1961, kuma shekaru 36 bayan haka, a 1997, Tiger Woods ya ci gasar Masters. A duk waɗannan wurare gwanintar tana nan tun da can, a bakin ƙofa take jira.

Maganar ruwa kuma, Arewa ta daɗe da samun tata dabarar. Filayenmu da yawa sun shekara da shekaru ba su da lallausar ciyawa a kewayen rami. Yashi ake tankaɗewa a cakuɗa da mai, a baje, a daddaɓe, kafin mutum ya buga a ja wani abu a share masa hanya. A haka gwanaye da dama suka koyi wasan. Baƙin mai yana ɓata ƙasa, don haka ba ma ba da shawarar a koya wa yara da shi, daddaɓaɓɓen yashi ya ishi ɗan koyo. Abin lura shi ne fara wasan ba ya buƙatar ciyawar da ake gani a talabijin. Fako a bayan makaranta, rami uku da gwangwani a ciki, tuta a kan kara, sanduna biyar na gwanjo da yara 20 za su dinga karɓa-karɓa, an fara ke nan. Bayan an kawar da amfanin gona, daga Disamba zuwa Afrilu, fili ba ya wahalar samu a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, kuma babu wanda yake buƙatar kasafin gwamnati a ciki.

Masu kula da filin Dutse da na Kano da sauransu su ware yini ɗaya a mako, ko da hantsin ranar aiki ne, ga ɗaliban makarantu, maza da mata, kyauta ko da kuɗi kaɗan. Makarantu irin su kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu, wadda ta yaye manyan mutane a Arewa, da makarantun sakandaren Gwaram, za su iya kai ɗalibai sau ɗaya a zango. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ɗauki nauyin mota.

Kowane kulob ya ba masu ɗaukar jaka lokacin da za su buga nasu wasan, a yi musu gasa da kofi a shekara, kuma a sa sharaɗin cewa yaron da bai gama makaranta ba ba zai ɗauki jaka a lokacin aji ba. Idan ba haka ba, hanyar da muke yabo za ta koma hanyar raba yara da karatu.

Mambobin da suka sabunta kaya su tara tsofaffin sanduna da ƙwallaye a ba makarantu. Sandar da aka jingine a sito shekara biyar tana iya zama ta farko a hannun wani yaro.

A sanar da kuɗin shiga na yini a fili, a rubuce a bakin ƙofa da Hausa. Mutane da yawa ba tsada ce take hana su ba, rashin sanin ko an yarda su shiga ne, da tsoron a kore su a gaban jama'a.

Mu kuma da muke riƙe da alƙalami akwai abin da ya rataya a kanmu, domin wasan har yanzu ba shi da cikakken harshe a Hausa. Ƙwallon ƙafa tana da mai tsaron gida da bugun kusurwa da satar fage da bugun daga kai sai mai tsaron gida, shi ya sa tsoho a ƙauye yake bin sharhi a rediyo ba tare da ya san Turanci ba. Golf kuwa da zarar an wuce rami da sanda sai a koma Turanci. Me za mu kira tarkon yashin da ake haƙawa kusa da rami? Me za mu kira bugun da ya faɗa rami kai tsaye daga wurin farawa? Yaran da suke ɗaukar jaka a Kano da Zariya Hausawa ne da masu jin Hausa, suna hira a tsakaninsu kullum a kan wannan aiki, kalmomin suna bakinsu. Wanda zai rubuta wani abu a kan wasan ya je ya zauna da su. Zuwa da kai ya fi saƙo. A littattafai da finafinanmu filin golf yakan fito ne kawai don a nuna Alhaji ya tara dukiya, alhali labarin da ba a taɓa ba yana wajen yaron da yake biye da shi da jaka a kafaɗa, yana lissafin bugun da shi da kansa zai yi da an ba shi sandar.

Tun 2016 aka mayar da golf cikin wasannin Olamfik, bayan ya shekara 112 ba ya ciki. Ba muna cewa gobe ɗan Jigawa zai tsaya a can ba ne. Ko ba a samu zakara ba, yaron da ya koyi tafiyar kilomita 7 cikin natsuwa, ya koyi rubuta lissafinsa ba ha'inci, ya zauna da manya ya ga yadda ake magana, bai yi asarar lokacinsa ba. Marigayi Sarki ya dasa itatuwa ya bar fili. Hanyar da za a girmama wannan aiki ita ce a bar jikokin talakawansa daga Dingaya da Gwaram da Birnin Kudu su shiga inuwar, su riƙe sanda.

Wanda yake ganin mun kauce, musamman a maganar ƙasa da ruwa, zaure a buɗe yake. Wanda kuma ya taɓa ɗaukar jaka ko yake da ɗan uwa mai yi, ya kawo mana kalmomin da suke amfani da su, mu fara tarawa tun daga wannan mako.

Sai mun ji daga gare ku.